Kunnen Umara Mai Faci

Duk direban da ya taɓa bin gudiro, wato kwaltar Damagaram zuwa Difa, ya san rumfar Umara, a bakin hanya idan an shigo Gure, ƙarƙashin wata aduwa da ba ta da inuwar kirki. Faci yake yi: ya liƙe taya, ya ba ta iska. Ni kuma teburin shayina yana jingine da rumfarsa shekara ashirin da shida. Shi Babarbare ne, ni Bafulatani, wato abokan wasa, don haka ba ranar da rana za ta faɗi ban zage shi ya rama ba.

A Kelle aka haife shi. Farin shekarar tamanin da huɗu ya cinye awakin gidansu, ya shigo Gure da riga ɗaya, ya raɓe wurin wani tsoho mai facin keke yana buga masa famfon hannu. Da tsohon ya rasu, ya gaji famfon da wurin zaman. Daga keke ya koma babur, daga babur ya kai ga kamiyo, manyan motocin kaya. Ya auri Halima, suka haifi shida, huɗu suka rayu. Bai taɓa zuwa lekwal, makarantar boko, ba, bai taɓa wuce Damagaram ba, kuma har yau ba ya ganin ya rasa komai.

Abin da ya yi suna da shi kunne ne. A kawo masa taya mai yoyon da ido ba ya gani, ya kara kunne, ya juya ta sau ɗaya, ya ɗora yatsa a kan hujin. In yana ba kamiyo iska, sai ya ƙwanƙwasa tayar da kile, ƙarfen kwance noti, ya karkata kai, ya ce saura, ko ya ce ta isa, kuma maganar ta zauna. Agogon iska, wancan mai allura da sauran masu faci ke dubawa, shi cewa yake na waɗanda Allah bai ba kunne ba ne. Direbobi ba sa cewa a kai wa Umara ya duba. Cewa suke a kai wa Umara ya saurara.

To, shekara talatin yana zaune a gindin inji mai ruri, injin ya ci kunnen. Babbar murya yana ji, rugugin mota yana ji, amma siririn sauti ya tafi. Ni na fara lura, ranar da butata ta tafasa ta yi ta fito a gefensa bai waiwaya ba. Daga nan ya ajiye baho cike da ruwa yana tsoma taya a ciki, wai don mai kaya ya ga kumfa da idonsa, kada ya ce an cuce shi. Gari duka ya gane. Direbobi suka riƙa ɗaga murya suna ɗora laifin a kan ƙarar inji. Halima ta koyi yin magana sai yana kallon bakinta. Ni da al'ada ta ba ni lasisin faɗa masa duk abin da na ga dama, na kira shi bawana, na kira shi mai cin ƙanzo, amma ban taɓa kiransa kurma ba. Tausayinsa nake ji, gaskiya ke nan. Mutumin ba gona, ba garke, ba Makka. Kunnen nan shi ne duk abin da ya tara.

Babbar 'yarsa Balkisa tana auren Mushe Fadilu, malamin lekwal (Mushe ake ce wa malaman lekwal a nan), mutum mai sanyin hali wanda ya gaji dabino a wani kwari ta wajen Gamu. Wansa ya kawo masa bindigar iska daga Libiya don tsuntsaye da kurege. Ba irin wadda ake karyawa a gwiwa ba ce. Wannan tana da kwalbar ƙarfe a ƙarƙashin baki, sai an ɗura mata iska an matse, sannan ta yi harbi wajen arba'in kafin ta sake jin yunwa. Da famfon hannu ta zo, wanda ke mayar da ƙato tsoho kafin ya gama bugawa, kuma bana famfon ya mutu daidai lokacin da dabino ya fara nuna.

Suruki ba ya tunkarar suruki da magana kai tsaye, wannan kowa ya sani. Fadilu ya faɗa wa Balkisa, Balkisa ta faɗa wa Halima, Halima ta faɗa wa Umara. Umara ya ji haushi. A ce matsalar iska ta shigo gidansa, ana neman shawara a wani wuri? Ya aika aka kawo bindigar, ya haɗa ta da injinsa na taya, ya bar shi yana ruri har ya gaji. Bindiga ko a jikinta.

Fadilu ya san dalili, domin ya karanta takardar da ta zo da ita. Tayar kamiyo awo takwas take sha, bindigar nan ɗari biyu take nema. Ya bayyana wa Balkisa haka. Balkisa ta rage wa maganar gishiri ta ba uwarta, uwar ta ƙara mata ruwa. Abin da ya iso rumfa shi ne, wai Mushe ya ce injin Baba ya fi ƙarfin bindigar, a nemo mata ƙarami daidai ita. Umara ya gyaɗa kai, ya ce dama ya yi zargin haka.

Aka sa ranar zuwa bitik ɗin Alhaji Rabi'u, ɗan Damagaram mai kayan ƙarfe a kasuwa. Na rufe shayi na bi su, don ba za a yi wannan babu ni ba. Alhaji yana da irin injin guda biyu da ya ɗauko daga Kano, sun shekara ba wanda ya taya. Ɗaya ƙarami ne, da batirin mota yake tashi, fanka ke sanyaya shi, kuma in ka saita allura inda kake so, da ya kai sai ya tsaya da kansa. Ɗayan ƙato ne mai nauyi. Sai da gurup, wato janareta, yake tashi, ana tsoma tiyo biyu a bokitin ruwa don kada ya ƙone, kuma ba ya tsayawa sai an kashe shi. Shi ne ya fi araha.

Wanda ya san kwarin Fadilu ya san amsa. Ba wuta a can, batiri kuwa yana da shi. Ƙaramin yake so, ya faɗa mini a hanya da murya ƙasa-ƙasa. Amma a bitik sai ya tuɓe takalmi, ya tsaya taku uku bayan surukinsa, idonsa a ƙasa.

Umara ya ɗaga ƙaramin da hannu ɗaya, ya girgiza shi.

"Alhaji, wannan inji ne ko akwatin rediyo?"

Alhaji Rabi'u ɗan kasuwa ne, ƙaramin ya fi masa riba, sai ya yi wauta. Ya ɗaga murya ya ce, "Malam Umara, ai wannan shi ne hutu. Da kansa yake tsayawa, ba sai an tsaya ana saurarensa ba."

Na rufe ido, don na san an gama. Umara ya ajiye injin a hankali.

"Injin da ke tsayawa da kansa, mai shi aikin me yake yi?"

Ya koma kan ƙaton, ya gwada ɗagawa bai ɗagu ba, fuskarsa ta saki. Ya ce wannan shi ne ƙarfe. Ya ce a ajiye shi a rumfarsa inda gurup yake, Mushe ya riƙa kawo bindiga ana cika masa. Bai waiwaya ba ya ce, "Ko Mushe yana da magana?"

Fadilu ya ce, "Yadda Baba ya gani."

Alhaji ya nuna masa wata 'yar kusa mai murɗawa a gefen injin. Kafin a tayar, a ɗaure ta tam. In an gama, a kwance ta ragowar iska ta fita, sannan a cire tiyo. Umara ya ture hannunsa, ya ce tun Alhaji na tallan goro yake kwance kusa.

Washegari bayan la'asar aka taru. Direbobi biyar, mai tsire, tela, da 'yan zaman banza da Gure ba ta rasawa. Umara ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya cika bokiti, ya haɗa tiyo da bindiga, ya cire hularsa ya rataye a kan agogon injin don kowa ya shaida ba ya bukatarsa. Ya tayar da gurup, ya kunna.

Ya manta da kusar. Wannan ba abin kunya ba ne, kowa na mantawa, domin iskar da kanta ke tuna wa mutum. Ta fara huci, siririn tsaki mai shiga ƙwaƙwalwa, wanda har akuyar da ke tsallaken gudiro ta ɗaga kai. Duk wanda ke wurin ya ji. Umara na tsugune, kansa a karkace, idonsa a lumshe, yana saurare.

Na dubi Fadilu. Hannunsa ya ɗaga kaɗan, ya nufi kusar, ya koma kan gwiwa. Taku ɗaya ne tsakaninsa da ita. Amma taku ɗayan nan yana nufin ya miƙa hannu ta gaban uban matarsa, a gaban jama'a, ya gyara masa aikin iska. Ya zaɓi ya rasa dabinonsa. Direbobi suka shiga kallon sama, tela ya tuna yana da ɗinki amma bai tashi ba. Ni kuwa, babban mai baki, na tsaya ina goge kofin da na riga na goge.

Umara ya ƙwanƙwasa kwalbar bindigar da kile.

"Saura."

Ruwan bokiti ya yi ɗumi. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya daɗe da kai a karkace, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Sannan ya miƙe, ya kashe inji.

"Ta cika."

Aka ce madalla. Wani munafuki har da tafi. Bindigar tana da ɗan agogonta a ƙasa, na ga Fadilu ya saci kallonsa, allura na kwance inda ta kwana. Umara ya ce a gwada harbi ɗaya a ga aiki. Fadilu, wanda ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ya ce jandarmomi sun hana harbi cikin gari. Ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu.

"Allah ya ƙara girma, Baba."

"A gaida min tsuntsayen," in ji Umara.

Ya ɗaure bindigar a babur, ya kama hanyar Gamu, tafiyar rairayi mai nisa, zai je ya zauna gindin dabino da bindigar da ta zama sandar ƙarfe. Jama'a suka watse da sauri irin na waɗanda suka ci abin da ba nasu ba.

Muka rage mu biyu. Umara na cikin nishaɗi, yana naɗe tiyo yana tambayata ko Fulani sun taɓa ƙera ko da allura. Sai ya tuna da maganar Alhaji, cewa bayan an gama ana kwance kusa. Ya kai yatsu zai murɗa. Ta juya ba wuya, domin a kwance take.

Ya tsaya. Ya dubi kusar, ya dubi hanyar da babur ya bi. Ya sake tayar da gurup, ya kunna injin, ya kara tafin hannu kusa da kusar. Iska ta buge shi har hannun rigarsa na kaɗawa. Ya sunkuya ya kai kunnen dama. Ya juya ya kai na hagu, ya matsa har gashin gemunsa na rawa. Tsakin nan ya cika rumfa, ni haƙorana har zafi suke.

Ya kashe komai, ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya cire hular daga kan agogon, ya riƙe ta a hannu bai sa ba.

"Kowa ya ji?" ya tambaye ni.

Na gyaɗa kai.

"Har Mushe?"

Na sake gyaɗawa. Na so in yi masa wasa, in ce dama Barebari ba sa jin magana tun asali, amma bakina ya ƙi.

"Ɗan Fulani, tsakaninka da Allah, tun yaushe?"

Na ce shekara huɗu. A hankali maganar ta fito. Ya tsura wa bakina ido, yana jira. Sai na ɗaga masa yatsu huɗu.