Ranar da Rufin Lakwal Ya Rufta Kaina

Ƙasa ce ta fara zubo mini a wuya, 'yar kaɗan, kamar an barbaɗa gishiri. Ina tsaye gaban tabulo, babban allon aji, da alli a hannu, yara suna maimaita baƙaƙen Faransanci. Na ɗaga kai. Azarar tsakiya ta yi ciki, tana wani siririn kuka.

Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, a wani ƙauye gefen Karofane, ɗaki guda ne na laka. Tun da yaƙin Turawa ya tashi ba abin da hukuma ke aiko mana, alli ma sai da roƙo. Mushe, kamar yadda muke kiran shugabanmu da Faransanci, ya yi ta kai kuka cewa rufi na yoyo, amsar kullum ita ce a jira yaƙi ya ƙare. Ran nan ma wurin hukumar ya tafi.

Ni ce na bi iyayen yara gida gida ina roƙon a gyara rufin. Ba son lakwal suke ba, amma sun ji tausayin ɗiyansu masu zama cikin ruwa. Suka yi gayya kamar yadda ake wa ɗakin kowa kafin damina, da kiɗa da fura, suka ƙara yaɓe mai kauri bisa rufin. Ba wanda ya ƙwanƙwasa azara, ashe gara ta cinye cikinta. Da ruwa ya sauka, sabuwar lakar ta sha ta yi nauyi.

"Ku fita! Waje, maza!"

Hausa ce ta fito bakina, wadda aka hana mu yi a aji. Ina jin shi ya sa suka gane ba wasa ba ne. Na tunkuɗa ta ƙarshensu bakin ƙofa, sai duniya ta yi duhu.

Tabulo ne ya jingine kaina ya bar mini wurin numfashi. Ƙafata kuwa wani abu ya danne ta. Bakina cike da ƙasa.

Sai na ji hauya na sara, kusa da kunnena. Na tabbata ita za ta kashe ni.

"Ku aje hauya, za ku sare ta!" Muryar Inna ce, tsohuwar da nike zaune gidanta. "Madamu! Ke ɗiyar ga! Yi magana mu san inda kike. Ke da ba ki ruhe baki tun sahe har azahar, yau kin zan bebiya?"

"Inna, mi za ni ce?"

"Yi muna karatun naku na Nasara mana!"

Na yi salati, na tofar da ƙasa, na fara: a, be, se. Wallahi sai na ji yaran daga waje sun amsa gaba ɗaya, cikin kuka, kamar muna aji. In na yi shiru sai Inna ta daka tsawa, in sake. Maza suka bi muryata suna tono da hannu, mata na kwashe laka da ƙwarya.

Wajen la'asar haske ya shigo. Suka ɗaga azarar, suka jawo ni.

"Yara fa?"

"Duk sun hita, ko ƙwarzane," in ji Inna, tana share mini fuska da bakin zanenta.

Maɗorin gari ya durƙusa ya lallatsa ƙafar tun daga gwiwa har idon sawu. Ya daɗe. Sannan ya ɗago.

"Babu karaya, ɗiyata. Kin tsira."