Hoton Idon Yayanta

Gwaggona, ƙanwar Baba, ta ƙare ƙuruciyarta tana leƙen idon ɓeraye. Haka Baba yake faɗa wa abokan cinikinsa a shagon ɗinki, yana dariya har ƙafarsa ta zame daga kan keke.

Gaskiyar aikin ta wuce haka. Akwai wani siririn tantani can a bayan ido, inda haske ke sauka, kuma ciwon suga yana sa shi kumbura har gani ya tafi. Wannan kumburin take bincike a kai, a idon ɓerayen gwaji. Na taɓa tambayarta me ta gano, sai ta ce, "Ido yana da masu shara nasa. In suga ya yi yawa sai su zare, su bar shara su koma fasa kayan ɗaki. Ni lallashinsu nake koyo." Likitocin ido da yawa a hannunta suka tashi, kuma ko sun yi furfura Malama suke kiranta.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta. Baba ya daɗe da suga, kuma ya fara laluben kafar allura. Duk sanda ta zo sai ta rage murya ta ce, "Yaya, da dai za ka daure a duba." Shi kuma ya ce, "Yarinyar da na goya? Je ki wurin ɓerayenki." Sai ta yi murmushi ta bar zancen, don ba ta iya ɗaga masa murya.

Ranar da ya ɗinka aljihu a karkace, da kansa ya ce in raka shi a yanka masa tabarau, amma kada Gwaggo ta ji. Likitar da muka samu ta ɗiga masa magani, ta ɗauki hoton bayan idon, ta zaunar da mu a lungun ɗakin mai duhu kafin dishi-dishin ya sake shi.

Ashe ɗalibar Gwaggo ce, kuma ran nan ne Gwaggo ke zagayowa duba hotuna. Dokarta ce ba a sa suna a jikin hoto, wai kada sanayya ta shiga tsakaninta da abin da take gani. Ta shigo ko waige babu, ta ja kujera gaban kwamfuta.

"Kai! Wannan na wane mai taurin kan ne?" ta ce. "Dubi kumburi har ya kusa tsakiya! Ba shi da 'yan'uwa ne da za su ja kunnensa?"

"Malama..." in ji likitar.

"Bar ni in faɗa. In bai fara allura a makon nan ba, baɗi sai an riƙe masa hannu. Ku kira shi, ni zan wanke shi tas."

Baba ya yi gyaran murya daga lungu. "Yana da 'yar'uwa. Ladabi ne ya yi mata yawa."

Gwaggo ta miƙe har kujera ta kife. "Yaya! Wallahi ban..."

"Zauna. Ashe haka bakinki yake a wurin aiki?" Sannan ya ce, "Da gaske baɗi?"

"Da gaske, Yaya."

"Allurar a ina ake yin ta?"

"A cikin idon."

"A cikin me?"

"Ba za ka ji zafi ba, ana kashe wurin."

Ya juyo wajena, duk da ba sosai yake ganina ba. "Ka ji muguwa ko?" Sai ya ce wa likitar, "'Yata, ke za ki yi. Wannan tana da tsohuwar ƙullalliya da ni."

Bayan kwana biyu aka yi ta farko. Gwaggo ta riƙe masa hannu, yana ta mitar cewa ta matse shi da yawa.