Rijiya Mai Ruwan Aro

A shekarun da aka yi ta gina ƙananan asibitoci a ƙauyuka, aikina shi ne bin gine-ginen da ’yan kwangila suka ce sun gama, in duba abin da suka bari. Wani ya bar taga ba marfi, wani ya yaɓe gaban ɗaki ya bar bayansa. Sai na sa hannu ake karɓar aiki, kuma in an karɓa, babu mai sake komawa kansa.

Wata bazara aka tura ni wani ƙauye tsakanin Gummi da Bukkuyum. An gina ɗakin shan magani, an haƙa masa rijiyar kankare wadda duk garin zai sha. Mutanen ba su da wani ruwa sai na tafkin fadama, shi kuma yana gab da ƙafewa.

Ɗan kwangilar, wani Alhaji mai yawan fara’a, ya riga ni isa. Shi da mai gari suka tarye ni tun daga bakin hanya, har an shimfiɗa tabarma an dama fura. Wannan bai kwanta mini ba. Na saba sai na yi ta cigiyar ɗan kwangila kafin in gan shi.

Ginin ba laifi. Da muka zo rijiya na leƙa, ga ruwa yana ƙyalli. Amma ƙasar da ke kewaye da ita a bushe take ƙamas. Rijiyar da gari ke sha ba ta rasa caɓi da sawun awaki. Can nesa kuwa na hango mata da tuluna sun nufi fadama.

Na ce, “Ranka ya daɗe, me ya hana mata ɗiba a nan?”

Mai gari ya ce, “Jira muke hukuma ta buɗe, Malam. Ba mu son mu yi azarɓaɓi.”

Alhaji ya yi dariya. “Ka ji mutanen kirki. Sa hannu kawai, Yallaɓai, ka ga ana rububi.”

Ban taɓa ganin mai ƙishirwa yana jiran bikin buɗe rijiya ba. Na ce a ba ni guga. Aka ɗan yi kallon-kallo kafin a kawo. Na ja da kaina, na juye a ƙwarya. Ruwan ya yi kore-kore, ga ɗan guntun kainuwa, ga kuma wani ɗan mitsitsin kifi yana zagaya ƙwaryar.

Na ce, “Alhaji, wannan baƙon ta wace ƙofa ya shigo?”

“Ikon Allah! Albarka ta, Yallaɓai. Ƙasar ga duk ruwa ta, gulbi na bi ta ƙarƙashi.”

“Har da kainuwarsa?”

Na ce to a kwalfe rijiyar a gabana. In tana da ido, za ta maido ruwanta. Mai gari ya ce samari duk sun tafi sharar gona. Alhaji ya ce rana ta yi, fura za ta tsinke. Na cire hula na ci gaba da ja. Da suka ga ba zan bari ba, wasu magidanta suka karɓe ni, ba wanda ya dubi fuskata.

Kafin azahar guga ya fara bugun ƙasa. Muka yi salla muka dawo, ko ɗigo bai taso ba. Na sa aka ɗaura mini igiya na sauka. Dutse ne shimfiɗe a gindin, an shafe shi da siminti don kada ruwan ya tsotse.

Da na fito Alhaji ya koma motarsa, wai zai ɗauko wani abu. Mai gari ya ja ni gefe, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“Malam, mu munka kawo ruwan da jakai. Shi ya ce muna in ka iske ta busassa, za a soke aikin a kai wani gari. In ka sa hannu kuwa, zai dawo shi fasa dutsen.”

“Kun yarda zai dawo?”

Ya ce, “Ka san mutum da abin da ya riga ya gani ƙofar gidanai.”

Har yau ban tabbata ko tsoron ne kaɗai ya sa shi ba. Ban sa hannu ba. Na gaya masa a gaban jama’a cewa rami ba ya tashi ya koma wani gari, kuma aikin yana wuyan mai shi.

Sai da na yi ta zarya a kan babur kafin Alhaji ya turo masu fasa dutse. Ko da suka fara, ba na sanar da ranar zuwana. Ana gab da saukar damina aka aiko cewa an cim ma ruwa. Na je, na tarar da mata sun yi layi, amma duk da haka na ce a kwalfe. Wata tsohuwa ta harare ni ta ce, “Kai ɗan nan, ba ka gajiya?” Na ce, “Inna, a yi haƙuri.” Muka tsaya a bakin rijiyar muna leƙe, har ruwan ya fara tsattsafowa daga tsagar dutsen, yana hawa a hankali.