Ƙeya a kan mai takaba

Yayata Cima ta shekara ashirin tana kitso a Tama, amma ba kitson ya yi mata suna ba. Ƙeya ce, wadda wasu ke kira kwarkwata. Duk uwar da aka koro wa ɗiya daga lakwal, wato makarantar boko, saboda susa, gidan Cima take nufa, tana rufe kan yarinyar sai ka ce ta sato shi.

Aikinta ba gaggawa. Ta tsefe kai, ta jiƙa shi da man gyaɗa, ta ɗaure da ƙyalle ya wuni. Sannan ta bi shi da mataji mai ƙananan haƙora, tana murƙushe ƙwan tsakanin farata. Ta sa a tafasa ɗankwali da rigar matashi, a shanya tabarma a rana, a dawo bayan kwana bakwai, don ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe. Masu zuba wa yara maganin ƙwarin albasa kuwa, faɗan da take yi musu har a bakin rijiya ana jin sa.

Bara mijinta Harisu ya rasu, ta shiga takaba. Matan zaman makoki suka cika ɗakinta mako guda, kowa na kishingiɗa a matashinta. Ba mu san wadda ta bar mata tsarabar ba. Kafin sadakar arba'in, Cima na susa da hannu biyu.

A dangin Harisu mai takaba ba ta tsefe kai, ba ta shafa mai, ba ta taɓa mataji, wai duk ado ne. Mai tsaron wannan doka ita ce Jima, yayar marigayin, wadda ta tare a gidan ba wanda ya gayyace ta. Na je na tambayi malami, ya ce magani ba ado ba ne. Na kawo wa Jima amsa da zafinta, ta ce malam ba shi zai tsaya bakin rijiya ba in an fara cewa matar ƙanenta ta ƙosa ta yi wani aure. Na so in gaya mata magana, Cima ta harare ni. Ta fi tsoron wannan zance fiye da ƙaiƙayi.

Da ita kaɗai ce, da ta daure. Amma akwai autarta Munira, 'yar shekara bakwai, wadda tun rasuwar uban ba ta barci sai ta cusa kai a wuyan uwar. Sau uku Cima ta wanke kan yarinyar tas, sau uku ƙeya ta dawo. Ta san inda take fitowa, mu ma mun sani. Lakwal suka koro Munira, bayan kunnenta duk ƙuraje.

Jima ta yanke hukunci: ranar Jumma'a za a kai yarinyar Bangi wurin dangin uba, sai an fita takaba. Saura wata biyu da rabi. Munira ta ji, ta daina cin tuwo.

Ranar Alhamis da hantsi Cima ta kira ni bayan ɗaki, ta miƙo mini sabuwar reza.

"Sun ce tsehe kai ado na. Aski hwa?"

Gashin yayata har kafaɗa yake. Na aske shi ina kuka. Muka binne gashin, muka tafasa duk wani tsumma na ɗakin. Ta mayar da ɗankwali, ta sake jiƙa kan Munira da mai, ta shaida wa Jima cewa ɗiyarta ba ta zuwa ko'ina. Susa ta tsaya, Jima ta rasa hujja, amma ba ta san dalili ba.

Ranar fita takaba Jima ta ɗauko makitsiya daga Buza, ta tara mata, a yi wa matar ƙanenta kitso kowa ya shaida an riƙe al'ada. Cima ta zauna a tabarma ta cire ɗankwali. Gashin bai kai gaɓar yatsa ba. Baƙuwar na riƙe da mataji tana kallon Jima.

Cima ta jawo Munira ta zaunar da ita a gabanta.

"Yi ma wagga," ta ce. "Kanta tsab shike."