Warin Maganin Auduga a Aji Ɗaya

Shekarar da na gama makarantar horon malamai aka tura ni wani ƙauye kusa da garin Hajj Abdalla, a tsakiyar gonakin auduga. Ni ɗan garin Mai Wurno ne, na saba da bakin kogi da hayaniyar gidanmu, sai ga ni a ɗaki guda bayan makaranta, daga ni sai gadon igiya da tulun ruwa. Sauran malaman Larabawa ne masu iyali a gari, da an tashi sai su hau kekunansu. Mutanen ƙauyen Hausawa ne, amma wando da takalmin da nake sawa sun sa suna gaishe ni daga nesa, da Larabci, su wuce.

Aji ɗaya aka ba ni. Cikin yaran akwai wani siriri da ba ya kallon idon kowa, ba ya kuma amsa kira. In na ce "alif", sai kowa ya maimaita ya gama sannan shi ya ce "alif", da irin muryata sak. A ƙarshen benci yake zama yana kaɗa jiki gaba da baya. Uwarsa ta rasu, ubansa ɗan ƙwadago ne a gonar wani, kakarsa ce ke riƙonsa. A lokacin ban san halin nan yana da suna ba. Sai da na yi furfura na ji likitoci suna ce masa tawahhud da Larabci, wato kaɗaita.

Da farko lafiya muka zauna. Da lokacin feshin auduga ya zo, mufattish, wato jami'in da ke duba gonakin, ya aiko da gangunan maganin ƙwari, aka jibge su a ɗan ɗakin da ke manne da ajina. Bangon da ya raba mu bai kai rufi ba. Ga mai sharar makaranta kuma kullum da safe sai ya yayyafa fenik a ƙasa, wannan baƙin ruwan wanke masai mai hawa kai. Dukanmu muna fama da ciwon kai da ƙaiƙayin ido, amma muna daurewa. Shi kuwa yaron, ranar da ya iso bakin ƙofa sai ya tsaya cak, ya ƙwala ihu, ya kama wuyan hannunsa da haƙori har jini ya fito, ya ruga sai bakin magudanar ruwa. Washegari ma haka. Shugaban makaranta ya ce ko bulala, ko a mai da shi gida. A cikin gari aka ce iska ce ta taɓa shi.

Na je wurin kakarsa da la'asar. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, yaron na gefe yana jera ƙwallon dabino a layi. Da ta ji na yi gaisuwa da Hausa sai ta ajiye rariya ta dube ni.

"Ashe ɗanmu ne kai, Malam?"

"Naku ne, Inna. Na zo ne kan yaron nan."

"In korar shi za ku yi, ku faɗa mini kawai. Amma ba iska ba ce. Tun yana goye, in na kunna fitilar kananzir sai ya shiɗe da kuka. Ko turaren wuta ba ni sawa ɗakina. Abin da mu muka ji kaɗan, shi da yawa ya ka jin shi."

"Kada ki hana shi zuwa, Inna. Ki ba ni ɗan lokaci."

Shugaban makaranta ya ce gangunan ba namu ba ne, ba ruwansa. Na taka da ƙafa har ofishin mufattish, na yini a kan benci kafin ya gan ni. Bai yi gardama ba, ya ce in na sami wani wuri in kwashe, shi dai ba shi da leburori. Akwai wani kangon ɗaki can bayan filin ƙwallo, nesa da rijiya. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ɗaure hancina da rawani na shiga gangara su ɗaya bayan ɗaya. Mutane na wucewa su ce "sannu Ustaz", su yi gaba. Dab da magariba uban yaron ya zo, ya kama mini na ƙarshe muka kai, ya wanke hannu da ƙasa ya tafi.

Wari bai bi gangunan ba. Maganin ya ɗiga ya jiƙa daɓe, sai da na kankare ƙasar da fartanya na zubo sabon yashi, na shafe bangon da farar ƙasa. Akwai wata taga da aka toshe da tubali tun kafin zuwana, na fasa ta. Na roƙi mai shara ya riƙa yayyafa ruwa zalla a ajina. Ya yi yadda na ce, amma ya ɗauka na raina aikinsa ne, daga ranar ya daina kawo mini shayin safe, shi ne kuwa kaɗai mutumin da ke ɗan tsayawa mu yi hira.

Kafin ɗakin ya sha iska na kafa rumfar kara a gindin dalbejiya, muka koma can da karatu. Malamai suka yi ta dariya, wai na mai da makarantar gwamnati makarantar allo. Yaron ya fara tsayawa can nesa yana kallon ƙasa. Kullum sai ya ɗan matso, har wata safiya na juyo daga allo na gan shi zaune a bakin tabarma. Ban nuna na gani ba. Ranar da muka koma aji, ya daɗe a ƙofa yana shaƙar iska, ya shafa bango da tafin hannu, sannan ya shiga ya nufi gefen taga.

Rubutunsa ya fi na kowa kyau, haruffa a jere kamar kunyoyin gona. Bai taɓa yi mini magana ta kansa ba. Amma in an tashi, wani lokaci sai ya biyo ni ya zauna a ƙofar ɗakina ina dafa wake. In zuba masa, mu ci, in ya gama ya miƙe ya tafi. A duk zamana a ƙauyen, shi ne kaɗai ya ci abinci a ɗakina.

Abin da ya gagare ni shi ne jirgin feshi. In ya sauko ƙasa-ƙasa kan gonaki, iska ta kwaso mana, sai yaron ya shige ƙarƙashin benci ya toshe kunne da hanci, ni kuma in tsaya kusa da shi har ƙarar ta yi nisa.

Bayan an gama cirar auduga ubansa ya sami aiki a garin Abu Na'ama. Kakar ta zo har makaranta yi mini sallama.

"Allah shi saka maka, ɗan nan. Ka yi aure, zama kai kaɗai ba shi da kyau."

Na raka su bakin hanya. Aka ɗora yaron kan kaya a bayan babbar mota, ya sunkuya yana kallon taya. Na ɗaga masa hannu har ƙura ta rufe su, bai ɗago ba.

Na ƙara shekara biyu a makarantar, ba a kuma mai da gangunan ɗakin nan ba har na bar ta. Da daɗewa bayan haka wata hidima ta kai ni Abu Na'ama, na zaga kasuwa ina tambayar masu jin Hausa labarinsu. Wani ya ce kamar sun yi kudu, wani ya ce bai taɓa jin su ba. Na sha shayi a tasha, na hau motar garin Sennar na kama hanyar gida.