Ƙarfen Kibod a Hannun Ɗan Gwangwan

Shekara goma sha tara na yi ina buga wa mutane takardu a wani ɗan shago a Ƙafin Maiyaki: takardar sayen gona, ta neman aiki, ƙorafin masunta 'yan gefen Tiga. Da hawan jinin ido ya kama ni, rubutun fuskar kwamfuta ya koma mini kamar hayaƙi, sai kunne ya karɓi aikin. Kibod ɗina tsoho ne mai nauyi, gwanjon wani ofis. Kowane madanni ka taɓa sai ya ce ƙas, da wannan ƙarar nake sanin harafi ya shiga. Muddin yana ƙara, ina da sana'a.

In ka ɓalle hular madanni, akwai ɗan makunni a ƙarƙashi, kuma ba duka ne iri ɗaya ba. Da ɗan yatsa na koyi rarrabe su. Wani kansa kamar alamar tarawa ta lissafi. Wani rami ne da siririn sifirin a tsaye. Na zamani kuwa roba ce kawai, laɓas, ka danna ba ka san ko ta ji ba. Nawa mai kusurwa huɗu ne da tsaga a tsakiya, da ɗan ƙarfe mai laushi a ciki, shi ke yin ƙarar.

Makunnan nawa suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo mai gyaran rediyo a layinmu ya riƙa ciro na madannan da ba na amfani da su, yana liƙa mini da dalma a gurbin matattun. Muka cinye layin sama, muka cinye lambobin gefe. Ran nan ya ajiye ƙarfen dalmarsa ya ce, "Malam, rumbu fa ya ƙare. Sai ka nemo ɗan'uwan kibod ɗin."

Na sa cigiya har Tudun Wada da Doguwa. Direbobi suka yi ta kawo mini kibod, ni kuma ina ɓalle hula ina shafawa, duk roba. Wani ma cewa ya yi sabo ne dal a leda, me kuma nake so? Na kusa jifansa da shi. Mai ido ba ya gane abin da nake nema, kuma na gaji da bayani.

Akwai wani ɗan gwangwan daga Dangora, sa'ana ne, mai yawo da kura yana sayen tsofaffin ƙarafa a sikeli. Na roƙe shi, na ce in ya ci karo da tsohon kibod mai nauyi, mai farantin ƙarfe a ciki, ya kawo mini. Ban ƙara masa komai ba, kuma har gobe ina cizon yatsa.

Bayan girbin dawa ya zo da fara'arsa. "Malam, albishirinka! Na samo shi a wani tsohon sito, nauyi kamar dutsen niƙa." Ya ɗora mini abu mai sanyi a cinya. Faranti ne tsirara. A sana'arsu ba a kai wa mutum kaya da roba a jiki, ha'inci ne a sikeli, shi ya sa ya zauna da guduma ya fasa komai, ya ƙone ragowar don ya tsince waya. "Na gyara maka shi tas," in ji shi, "ko kwabo kada ka ba ni."

Na bi ramukan farantin da yatsa. A kusurwa na tarar da guntun makunni ɗaya da guduma ta bari, rabinsa a narke. Kusurwa huɗu, tsaga a tsakiya. Irin nawa ne, sama da ɗari a jere, kuma shekaranjiya kawai suna raye. Na rasa wanda zan zaga. Na yi masa godiya, don alheri ya nufa, ya tura kurarsa ya tafi yana murna.

Na gwada na robar mako guda. Wani tsoho daga Ba'awa ya kawo takardar rabon gona, na buga, na miƙa masa. Da la'asar ya dawo, ya ce mai unguwa ya karanta, sunan 'yarsa ta uku babu shi a cikin magada. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ko dai a kai wa mai gani?"

Na ce a kai. Ni da kaina na kwatanta masa shagon wani mai buga takardu.