Ranar da Na Rama wa Kawuna

Kawuna bai taɓa zuwa Indiya ba, Kaduna ce iyakarsa. Can ya yi shekaru yana aikin masaƙa, duk ranar hutu yana silima, har kunnensa ya tsinci 'yan kalmomi. Da aikin ya ƙare ya dawo ƙauyenmu da ke bayan Kakangi, ya koma noman masara da dawa kamar kowa. Amma ranar kasuwa, da an sallame la'asar, sai ya kafa jar hularsa ya shiga zauren da ake nuna fim, ya tsaya gefen talbijin. Jarumi ya yi magana, kawu ya faɗa da Hausa. Mace ta yi magana, ya ƙanƙance murya. A lokacin ba a fara ɗora wa finafinan nan muryar Hausa ba, saboda haka duk labarin da muka sani na Indiyawa daga bakinsa muka ji shi.

Talbijin ɗin da janaretan ba nasa ba ne. Na wani sa'an babban yayana ne, mai gidan kallon. Shi ke sayen mai, shi ke hawa babur zuwa Birnin Gwari ya ɗauko kaset, amma ba za ka taɓa jin wani ya ce zai je gidan kallon wane ba. Kowa cewa yake mu je mu ji Kawu. Ashe abin yana cin mutumin nan a rai shekara da shekaru, mu ba mu sani ba.

Akwai wani tsohon fim na barkwanci, mara kala, da muka kalla har kaset ɗin ya fara ja. Labarin wani tsoho ne mai kaɗa ƙararrawar makaranta, garin duka da ƙararrawarsa suke sanin lokaci, shi kuwa ko agogo ba shi da shi. Da faɗan maƙwabtansa yake aiki: in matar ta fara yi wa mijin masifa, lokacin shiga aji ya yi, in ta jefo masa kwano, an tashi tara. Wata rana miji da mata suka shirya, sai gari ya rikice, likita ya makara, ango ya makara, har jirgin ƙasa ya tafi ya bar mutane. A irin wuraren nan kawu shiru yake yi, ya harɗe hannu ya bar mu mu yi ta dariya har da riƙe ciki. Can ƙarshe aka kawo ƙararrawar lantarki aka sallami tsohon. Ya tsaya gaban shugaban makaranta yana murmushi, ya faɗi wata gajeruwar magana. A nan kawu yake sauke murya ya ce, shekara talatin ina gaya muku lokaci, ba wanda ya gaya mini nawa ya yi. Na ga manyan magidanta suna share ido da bakin riga a wurin nan.

Sai 'yan bindiga suka fito daga daji suka tashe mu. Ba zan tsaya kan wannan ba, duk ɗan yankinmu yana da irin labarinsa. Abu ɗaya ne ya shafi maganata. Da safiyar ranar, da aka fara jin harbi daga ƙauyen gaba, mai gidan kallo ya ɗaure talbijin da janareta a bayan babur ya yi gaba. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon ƙafa, a tsakar gida ya bar ta. Wata maƙwabciyarmu Bagwariya, Kirista, mai sayar da itace, ita ta goya ta, kawu yana biye da ƙullin kayansu, har suka fito titi. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa tayar da zancen, don a ranar gudu kowa yana da abin da ba ya son a tuna masa.

Ni a lokacin ina koyar da Turanci a wata firamare a Birnin Gwari, sai na ba kawu ɗaki a gidan da nake haya. Mutumin da ya saba wuni a gona ya koma zaman daɓe yana kallon kaji. Mai gidan kallo kuwa ya samu rumfa kusa da tasha, ya buɗe sabon wuri, yana nuna ƙwallo da finafinan da aka riga aka fassara. Ba ya bukatar kowa ya tsaya masa gefen talbijin.

Shi ya sa na yi murna da ya zo har gida, ya durƙusa ya gaida kawu, ya ce ya samo tsohon fim ɗin nan na mai ƙararrawa a faifai, yana son kawu ya zo ranar Juma'a ya tuna wa mutanen ƙauye zamanin da. Ya ce ni ma in zo. Kawu ya sa aka wanke masa jar hula. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin gudu.

Rumfar ta cika, rabi mutanenmu, rabi samarin gari. Da aka kunna sai na ga faifan yana da rubutun Turanci a ƙasa, abin da kaset ɗinmu na da ba shi da shi. Kawu ya fassara maganar farko, mutanenmu suka yi shewa. Sai mai gidan kallo ya tsayar da fim ɗin, ya juyo gare ni yana fara'a.

"Malam, tunda kana kusa, karanta mana abin da aka rubuta mu ji ko daidai ne."

Na karanta. Wallahi ban yi tunanin komai ba, na karanta na mayar da Hausa. Kawu ya ce tsohon yana gaida maƙwabcinsa ne, rubutun ya ce tambayar kuɗin albasa yake yi. Samarin gari suka kwashe da dariya. A nan na gane ramin da aka gina, na ce ba zan ƙara ba, amma akwai 'yan sakandare a wurin, suka karɓe aikin. Duk maganar da kawu ya faɗa sai a tsayar, a karanto, a yi masa ihu. Mai gidan kallo ya tura fim ɗin can ƙarshe da gangan, wurin sallamar tsohon. Kawu ya faɗi maganarsa ta shekara talatin. Aka karanto ta gaskiya. Ashe cewa tsohon ya yi, ranka ya daɗe, zan iya tafiya da igiyar ƙararrawar?

Mai gidan kallo ya ce to jama'a kun ji, shekaru ana sayar mana da ƙarya muna tafi. Kawu bai yi fushi ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Taya su dariyar ya yi, ya cire hular ya cusa a aljihu, ya fita. Daga ranar bai ƙara wuce ƙofar gida ba sai masallacin da ke jikin katangarmu. Yara sun sa masa suna a unguwa, ba zan maimaita shi ba.

Na ƙullaci mutumin nan ƙullin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. 'Yan bindiga sun raba kawuna da gona da rumbu, amma sun bar masa abu ɗaya, shi kuwa wannan ya zo ya karɓe, kuma da bakina ya karɓe. In na tuna sai abinci ya fita raina.

Na sa aka tura mini fim ɗin a waya, na yi ta kallonsa ni kaɗai ina bin rubutun, nufina in samo inda kawu ya yi daidai in je in watsa wa mutumin a fuska. Ban samu da yawa ba. Cikin magana goma da ƙyar ya dace da biyu. Amma da na rufe rubutun da yatsa na kalli fuskar tsohon kawai, sai na ga duk abin da kawu yake faɗa yana nan a kwance. Masu fim ɗin sun san abin da suke yi. Sun ba ka dariya ta awa biyu don ka saki jiki da mutumin, ka saba da shi kamar ɗan gidanku, sannan su sa shi ya roƙi igiya. Mutum ya ba wa gari rayuwarsa, abin da ya iya nema a ƙarshe tsumman igiya ne, kuma yana murmushi don kada ya ba kowa kunya. Indiyawan sun ɓoye ciwon a cikin wasa, kawu ya tono shi ya ba manoma da harshensu. Ban ga ƙarya a nan ba. Wannan fahimtar ba ta sanyaya mini rai ba, ƙara hura ni ta yi.

Kusan shekara na jira. A tsakanin nan mai gidan kallo ya naɗa kansa shugaban mutanen ƙauyenmu da ke gudun hijira, ya ɗinka babbar riga. Sai aka ce wasu baƙi daga wata ƙungiyar agaji za su zo filin makarantarmu su gana da jama'a, biyu daga cikinsu ba sa jin Hausa. Ni aka sa tafinta.

A wurinmu tafinta mai rufa asiri ne. Dattijo zai yi magana mai kaushi, kai ka tausasa ta. Wani zai yi shirme, ka gyara masa kafin ta isa kunnen baƙo. In shugaba ya yi fariya da Turanci, da Hausa sai ka ce yana yi wa kowa barka da zuwa. Na sha yi, ba wanda ya koya mini, haka aka taso aka gani. Mai gidan kallo ma da wannan ya dogara.

Da hantsi aka taru, mata a gefe ƙarƙashin darbejiya, maza a kan bencina. Aka miƙa masa lasifika, ya ture Hausa gefe ya kama Turancinsa na tasha. Ya gaya wa baƙin shi ne na ƙarshe da ya bar ƙauye. Ya ce a bayansa ya goyo tsofaffi ya ratsa daji da su. Ya ce mutanen nan da kuke gani 'yan ƙauye ne, ba su san dama da hagu ba, duk abin da za a yi musu a biyo ta hannunsa. Da ya gama, ɗaya daga cikin baƙin, wata mace mai tabarau, ta ce a faɗa wa jama'a abin da wakilinsu ya ce. Ya miƙo mini lasifikar har da ƙifta mini ido.

Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, ban rage ba. Na ce shugabanku ya ce shi ne na ƙarshe da ya bar gari. Na yi shiru na ba su lokaci. Na ce ya ce a bayansa ya goyo tsofaffi. Na sake yin shiru. Na ce ya ce ku 'yan ƙauye ne, ba ku san dama da hagu ba. Fili ya yi tsit, har kukan akuya ana ji daga bayan aji. Sai mai itacen nan ta miƙe daga cikin mata, ta gyara zani, ta ce da Hausarta mai gargada:

"Malam, tambaye shi. Tsohon da ya goya, mai eriya ne ko mai shan fetur?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Tsofaffi suna buga sanda a ƙasa, mata suna faɗa wa juna a jiki. Mai tabarau ta tambaye ni me aka ce, na fassara mata wannan ma, na haɗa da bayani. Shi kuwa yana tsaye cikin babbar riga yana yaƙe, yana taya su, gumi na bin wuyansa. Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafin azahar an zaɓi wani wakilin. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, irin daɗin ruwan randa bayan wunin gona.

Da sauri na koma gida na sami kawu a ɗaki, na ba shi labari tiryan-tiryan, har da kwaikwayon murya. Ina jira ya yi dariya. Ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni ko 'ya'yan mutumin suna wurin. Na ce suna nan, duka huɗun.

Washegari da la'asar na ga ya sa takalmi ya fita. Zuciyata ta yi fari, na ce yau kawuna ya dawo cikin mutane, na bi bayansa daga nesa in ga inda zai fara zuwa. Tasha ya nufa. Rumfar gidan kallo ba kowa, mai ita yana zaune shi kaɗai a benci ya haɗa kai da gwiwa. Kawu ya zauna kusa da shi, ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. Suna nan har aka kira magariba.

A hanyar dawowa na tare shi, raina a ɓace. Na ce Kawu, saboda kai na yi, mutumin da ya tozarta ka shi za ka je ka zauna da shi? Ya ce yau ba mai zuwa wurinsa, shi kuwa ya san yadda ranar farko take. Muka yi 'yan taku, sannan ya tsaya ya dube ni.

"Ka iya Turanci, ɗan nan, ba musu. Amma kada ka sake ka karɓi lasifika a gaban mutane. Kai ba tafinta ba ne."

Kawu ya ci gaba da fita har Allah ya karɓi ransa, kuma mai gidan kallo yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ni har yau ba na gaishe shi, kuma da za a maimaita ranar da na sake yi. Amma an sha nemana tafinta bayan nan, a makaranta da wajen taro, ban ƙara karɓa ba.